Ɗan Tsere Ya Faɗi Gwaji, Ƙungiya Ta Ce Ba Ta Sani Ba

Ranar Laraba, 25 ga Yulin 2007, gasar tseren keke ta Tour de France ta hau dutsen Aubisque a kudancin Faransa. Michael Rasmussen, ɗan ƙasar Denmak, siriri kamar sillen kara, shi ya fara tsallake layi a ƙwanƙolin dutsen, yana sanye da riga ruwan ɗorawa mai nuna cewa shi ne kan gaba a gasar. Saura kwana huɗu a shiga Paris, kuma ya ba Alberto Contador ratar fiye da minti uku. A cikin daren nan ƙungiyarsa ta Rabobank ta cire shi daga gasar, takardar sallama ta biyo baya. Ba gwaji ya faɗi ba. Ya shaida wa masu gwaji cewa yana Meziko a watan Yuni, sai wani tsohon ɗan tsere mai sharhi a talabijin ɗin Italiya, Davide Cassani, ya ce ai shi ya gan shi da idonsa yana atisaye a duwatsun Italiya a daidai lokacin.

A wannan ranar dai, jandarmomi suka yi awon gaba da Cristian Moreni na ƙungiyar Cofidis yana gama zangon, ko kayan tsere bai tuɓe ba, saboda an sami sinadarin testosterone a fitsarinsa. Cofidis ta kwashe sauran 'yan tserenta ta bar gasar. Abin takaici, da safiyar ranar yaran Cofidis suna cikin waɗanda suka turje a wurin tashi don nuna ƙyamar shan ƙwayoyin ƙara kuzari. Kwana ɗaya kafin haka kuma Astana ce ta tattara nata ya nata, bayan an gano jinin wani mutum daban a jikin jagoranta Alexander Vinokourov.

Cikin kwana biyu ke nan ƙungiyoyi uku suka yi abin da ya yi kama da ba sani ba sabo. Sai dai wanda ya bi abin da ya fito daga baya zai yi wa wannan zafin nama wata fassara. A 2012 Theo de Rooij, manajan da ya kori Rasmussen, ya amsa wa wata jaridar Holan cewa har zuwa 2007 ƙungiyar tana kau da kai idan yaranta na amfani da magungunan. A 2015 aka haramta wa likitan ƙungiyar, Geert Leinders, shiga harkar wasanni har abada. Shi kansa Rasmussen ya fito a 2013 ya ce ya shafe shekara goma sha biyu yana sha. Ashe ba a kore shi don ya yi abin da gidan bai sani ba. An kore shi ne don ya bari duniya ta sani.

Kafin a yi nisa, ya kamata a ga yadda abin ke tafiya. Ɗan tsere na sauka daga keke, wani jami'i zai manne masa kamar kaska, ba zai bar shi ya ɓace masa ba har sai ya ba da fitsari a gaban idon mai gwaji. Shi da hannunsa zai raba fitsarin kwalba biyu, ta A da ta B, ya rufe. Lamba kawai ake rubutawa a jiki, babu suna. Idan ɗakin gwaji ya ga wani abu a kwalbar A, za a sanar da ɗan tseren, kuma yana da damar ya ce a buɗe ta B a gabansa ko a gaban wakilinsa. Dokar hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya, WADA, ba ta tambayar niyya tun farko: duk abin da aka samu a jikinka, kai ne da alhakinsa, ko ka sani ko ba ka sani ba. Tun daga 2015, wanda ya sha da gangan shekara huɗu ce hukuncinsa. Tun farkon 2021 kuma hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta miƙa aikin gwajin ga wata hukuma mai zaman kanta da ake kira ITA.

Daga nan sai sanarwar ƙungiya, wadda ta zama kamar hadda. Mun kaɗu, mun ji takaici, mu ba ma lamuntar wannan ko kaɗan, mun dakatar da shi har a buɗe kwalba ta biyu, idan ta tabbata za mu soke kwangilarsa. Kafin yamma an sauke hotonsa daga shafin ƙungiya. Jimlar da ta fi kowace muhimmanci a irin wannan takarda ita ce mai cewa shi kaɗai ya aikata, babu hannun likita ko koci ko wani ma'aikaci. Sauran duk ado ne.

Me ya kawo wannan rawar jiki? Kuɗi. Ƙungiyar ƙwallon ƙafa tana da fili, tana sayar da tikiti, tana da kaso a kuɗin talabijin, tana da gari da magoya bayan da suka gaji son ta daga kakanni. Ƙungiyar tseren keke ba ta da ko ɗaya. A bakin titi ake kallo, kyauta, kuma kuɗin talabijin na manyan gasanni aljihun masu shirya gasar yake shiga. Kusan duk abin da ƙungiya ke ci daga kamfanin da ke ɗaukar nauyinta yake fitowa, shi ya sa ma sunan kamfanin take amsawa. Rabobank banki ne, Cofidis kamfanin ba da rance, Festina agogo take sayarwa, Phonak na'urar taimakon ji. Idan jarida ta buga cewa an kama ɗan tseren Phonak, sunan kamfanin ne ya shiga kwata, alhali ya zuba miliyoyi ne don a yi masa talla.

Kuma kamfanonin ba wasa suke ba. Da aka kama Manolo Saiz, manajan ƙungiyar Liberty Seguros, a samamen da 'yan sandan Sifaniya suka kai a watan Mayun 2006, kamfanin inshora na Liberty Seguros ya zare hannunsa cikin 'yan kwanaki. A Yulin shekarar Floyd Landis ya ci Tour de France, sai gwajin zango na 17 ya nuna testosterone. Phonak ta kore shi ranar da kwalbar B ta tabbatar, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe, domin ba shi ne na farko a gidan ba, Tyler Hamilton da Oscar Camenzind sun riga shi tun 2004. Mai ƙungiyar, Andy Rihs, ya rufe ta a ƙarshen shekara. T-Mobile ta fice a Nuwamban 2007. Saunier Duval ta fice a 2008 bayan an kama Riccardo Riccò. Rabobank, bayan shekara goma sha bakwai, ta fice a Oktoban 2012, kuma salon ficewarta ya isa darasi: ta yarda ta ci gaba da biyan kuɗin kwangila, amma a goge sunanta daga riga. Ƙungiyar ta shiga 2013 da sunan Blanco, wato fari fat, babu rubutu. Manajan da ya san wannan tarihi, aka bugo masa waya cewa yaronsa ya faɗi gwaji, abin da zai fara tunawa shi ne albashin mutane da dama, daga makanikai zuwa direban bas zuwa mai dafa abinci. Ban ga laifinsa ba a nan. Inda nake ganin laifi shi ne labarin wake ɗaya mai ɓata gari, wanda ake maimaitawa ko da garin ne ya ɓata waken.

Domin duk lokacin da 'yan sanda ko kotu suka tona da kyau, allura garma take tonowa. Ranar 8 ga Yulin 1998 jami'an kwastan suka tare motar Willy Voet, mai yi wa 'yan tseren Festina tausa da hidima, a kan iyakar Beljiyam da Faransa, suka tarar da ɗaruruwan kwalaben EPO, maganin ƙara jini, da sauran magunguna. Shugaban ƙungiyar, Bruno Roussel, ya amsa cewa tsari ne na gida, likita na lura da shi, har asusu ake tarawa daga kuɗin da yaran suka ci don sayen kayan. Wannan badaƙala ce ta haifi WADA a 1999. A 2007 likitoci biyu na asibitin jami'ar Freiburg, Lothar Heinrich da Andreas Schmid, suka amsa cewa su ne ke ba yaran ƙungiyar Telekom EPO. Rahoton hukumar USADA ta Amurka na 2012, wanda ya raba Lance Armstrong da kofunan Tour bakwai, ba labarin mutum ɗaya ba ne. Akwai manaja Johan Bruyneel a ciki, akwai likitoci, akwai masu dakon kaya. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Gaskiya ne abubuwa sun canza tun da aka shigo da fasfon jini a 2008, wanda ke bin sauyin jinin mutum tsawon lokaci maimakon jiran a kama magani a fitsari, kuma samamen da aka kai Ostiriya da Jamus a 2019 ya nuna 'yan tsere suna zuwa wurin wani likita a Erfurt a kashin kansu. Yau ana iya samun ƙungiyar da da gaske ba ta sani ba. Amma ƙungiyar da ke auna nauyin yaro da bugun zuciyarsa da ƙarfin ƙafarsa kullum, har ta san giram nawa na shinkafa ya ci, idan ta ce ba ta ga komai ba, tilas mutum ya ɗan ɗaga gira.

Sai batun wane ne aka kama. A nan ne dokar ba sani ba sabo takan yi laushi. An sami ɗigon clenbuterol a fitsarin Contador a Tour na 2010, wanda shi ya lashe. Ya ce naman shanu ne da aka sayo masa daga Sifaniya. A lokacin ya riga ya sa hannu da Saxo Bank ta Bjarne Riis, mutumin da shi ma ya amsa a 2007 cewa da EPO ya ci Tour na 1996. Riis ya tsaya masa tsayin daka. Hukumar ƙasar Contador ta wanke shi, ya koma tsere, ya ci gasar Giro ta Italiya a 2011. Sai a Fabrairun 2012 kotun wasanni da ke Lausanne ta yanke masa shekara biyu, aka ƙwace Tour ɗin da Giro ɗin. Da wa'adin ya cika a Agusta, kujerarsa na nan tana jiran sa a ƙungiyar, ya je ya ci gasar Vuelta.

Chris Froome kuwa, a Vuelta ta 2017, an sami salbutamol, maganin asma, ninki biyu na iyakar da aka yarda a fitsarinsa. Ba a ma ji labarin ba sai a Disamba da jaridun Le Monde da Guardian suka fallasa. An yi ta kira ga Team Sky ta ajiye shi har a gama bincike, ta yi kunnen uwar shegu. Ya ci Giro a Mayun 2018 shari'a na rataye a wuyansa, ranar 2 ga Yuli UCI ta rufe fayil ɗin ta ce babu laifi. A yi adalci: doka ba ta tilasta dakatarwa nan take a kan salbutamol ba, kuma an wanke shi. To amma Diego Ulissi, da aka sami adadin da bai ma kai na Froome ba a Giro na 2014, wata tara ya sha a gida. Ba ƙaramin bambanci ba ne mutum ya sami ƙungiyar da za ta iya ɗauko masa manyan lauyoyi da masana harhaɗa magunguna su yi wata da watanni suna kare shi.

Kwatanta da André Cardoso, ɗan Fotugal, ɗaya daga cikin yaran da aikinsu shi ne tare wa jagora iska da ɗauko masa ruwa. Trek-Segafredo ta sa shi a jerin masu zuwa Tour na 2017 don ya yi wa Contador hidima, shi dai wancan Contador. Saura kwana huɗu a fara gasar aka ce an sami EPO a jikinsa. Nan take aka dakatar da shi, aka ɗauko Haimar Zubeldia ya maye gurbinsa, tafiya ta ci gaba. Ya yi ta rantsuwa bai sha ba, aka ba shi shekara huɗu. Ba ina cewa an zalunce shi ba, EPO ba a samun sa a naman shanu. Ina nuna dai yadda ƙofa ke saurin rufuwa idan mai fitar ba shi ne ke kawo kofi ba.

Akwai lokutan da ƙungiya ta ɗauki laifi a kanta, kuma sun cancanci a ambata don ba su da yawa. A 2016 an sami terbutaline a jikin Simon Yates a gasar Paris-Nice. Orica-GreenEdge ta fito fili ta ce kuskuren likitanta ne: ya ba shi maganin asma, ya ma rubuta a takardar gwaji, amma ya manta bai nemi izinin da doka ta tanada ba. Duk da haka yaron ne ya sha dakatarwar wata huɗu, ya rasa Tour. Ya dawo ya ci Vuelta a 2018. Ita dai wannan ƙungiya ta yi haƙuri da Daryl Impey na Afirka ta Kudu a 2014, har ya tabbatar cewa wani mai kemis a Durban ne ya taɓa wani magani kafin ya ƙirga masa ƙwansunan da ya saya, aka wanke shi. Da an kore shi a makon farko, da an yi aika-aika. Saboda haka saurin kora ba shi ne shaidar tsarki ba, wani lokacin tsoro ne kawai.

Guguwar Armstrong ta fito da makarantu biyu. Sky ta ce kowane ma'aikaci da ɗan tsere ya sa hannu cewa bai taɓa shiga harkar ba. Bobby Julich da Steven de Jongh suka faɗi gaskiya, suka rasa aikinsu. Omega Pharma-QuickStep ma ta kori Levi Leipheimer saboda ya ba da shaida. Ita kuwa Garmin ta Jonathan Vaughters, wanda shi ma ya amsa nasa laifin a bainar jama'a, ta riƙe yaranta uku da suka ba da shaida, suka yi wata shida suka dawo. A ganina Vaughters ya fi fahimtar ɗan Adam. Idan ladan faɗin gaskiya shi ne takardar sallama, to kowa zai ja bakinsa ya tsuke, kuma shirun nan shi ya raya cutar shekara da shekaru. Sky mai tsattsauran ra'ayin ma ai ita ce ta ɗauki Leinders aiki, daga baya kuma aka soke lasisin likitanta Richard Freeman a 2021 kan odar testosterone. Amma makarantar afuwa ma ta sha kunya: ɗaya daga cikin ukun, Tom Danielson, ya sake faɗuwa gwaji a 2015.

Ganin kora ba ta magance komai ba, sai aka koma ga hukunta gidan gaba ɗaya. Wasu ƙungiyoyi sun kafa wata haɗaka mai suna MPCC a 2007, suka ɗaura wa kansu dokokin da suka fi na hukuma tsanani, ciki har da cewa idan yaranka biyu suka faɗi cikin wata goma sha biyu, ka dakatar da kanka kwana takwas. AG2R ta cika alkawari a 2013, ta haƙura da gasar Dauphiné wadda ake yi a ƙofar gidanta. Matsalar ita ce shiga ganin dama ne, fita ma haka. A 2015 Lampre ta fice don ta ci gaba da amfani da Ulissi, Astana kuma ta sa Lars Boom a Tour duk da gwajin haɗakar ya ce a hutar da shi. Sky ba ta taɓa shiga ba. A shekarar ce UCI ta mai da abin doka: mutum biyu cikin shekara guda, a dakatar da ƙungiya kwana 15 zuwa 45. Androni ta Italiya ce ta fara ɗanɗanawa, kwana 30, duk da manajanta Gianni Savio ya sa yaransa sun rattaba hannu cewa duk wanda aka kama zai biya tarar yuro 100,000. Bardiani ta biyo baya a 2017, Burgos-BH a 2019, Vini Zabù a 2021. Duba sunayen da kyau, duk ƙanana ne. Da abin ya zo kan Katusha mai ƙarfi a 2016, kwamitin ladabtarwa ya ce hodar ibilis da aka samu a jikin Luca Paolini ba don tsere ya sha ta ba, ƙungiya ta tsira. Hujjar tana da ma'ana, amma ƙananan ƙungiyoyi sun lura.

Akwai kuma hukuncin da babu shi a kowane kundi. An sami tramadol a jinin Nairo Quintana na Kolombiya a Tour na 2022, wannan dai tramol ɗin da muka san ɓarnar da ya yi wa samarinmu. A lokacin WADA ba ta haramta shi ba tukuna, sai a 2024, UCI ce ta hana shi a dokarta ta lafiya tun 2019. Don haka soke masa matsayi na shida kawai aka yi, ba a dakatar da shi ko kwana ɗaya ba. Amma Arkéa-Samsic, wadda ta gama sanar da sabunta kwangilarsa, ta rabu da shi, sauran manyan ƙungiyoyi kowa ya kau da kai. Mutumin da ya ci Giro da Vuelta ya yi shekarar 2023 cur yana zaune a gida. Da ƙura ta lafa, tsohuwar ƙungiyarsa Movistar ta dawo da shi a 2024.

Shi kuwa Vinokourov, wanda ya jawo wa Astana ficewa daga Tour na 2007 har aka hana ta shiga na 2008, ya gama shekara biyunsa, ya dawo gidan, ya ci zinare a gasar Olamfik ta Landan a 2012, sannan aka naɗa shi babban manajan ƙungiyar. Yana kan wannan kujera a 2014, shekarar da Vincenzo Nibali ya ci musu Tour, aka kama 'yan uwa biyu, Valentin da Maxim Iglinskiy, da EPO, sannan wasu uku a ƙaramar ƙungiyarsu ta matasa. UCI ta nemi a ƙwace lasisin Astana, kwamitin lasisi ya bar mata shi a Afrilun 2015 bisa sharuɗɗa. Sanarwar da ƙungiyar ta fitar ranar da ta kori Valentin ta ce ya amsa laifinsa, kuma a kan gaban kansa ya yi, bai shawarci kowa daga cikin ma'aikata ba.